Yadda Za Ka Zaɓi Tayar Mota, da Abin Yi Idan Ta Fara Ƙara a Hanya

Tun da zafin bazara ya kama, tambaya biyu ce ke ta dawo mini daga masu motoci a nan Bauchi. Ta farko, wace taya zan saya? Ta biyu, motata ta fara wani irin gurnani idan na hau titin Jos, taya ce ko boris, wato ƙarfen da ƙafar mota ke juyawa a kansa? Na haɗa su wuri guda saboda tushensu ɗaya ne. Tayar da za ta hana ka jin rediyo bayan wata takwas, galibi tun makon da aka saye ta aka yi kuskuren, ko wajen zaɓe, ko wajen ɗauri, ko wajen iska. Don haka za mu bi abin daki-daki, daga ƙofar gidanka har ranar da za a kwance ta.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: gejin awon iska naka na kanka, alli, tocila, rular 'yan makaranta da tsinken ashana, sai jak da sifanar wili masu aiki. Gejin nan ya fi komai muhimmanci a cikinsu, kuma kuɗinsa bai kai kuɗin taya ɗaya ba ko kusa.

1. Karanta lambar motarka tun a gida

Buɗe ƙofar direba ka dubi jikin ginshiƙin da ƙofar ke rufewa a kai. Akwai 'yar takarda manne da ke ɗauke da girman tayar da kamfani ya tsara wa motar da yawan iskar da take buƙata. Wasu motocin Turai a bayan murfin tankin mai ake sa ta. Ɗauke ta hoto da wayarka.

Gargaɗi: kada ka kwafi lambar daga tayar da ke ƙarƙashin motar yanzu. Yawancin motocinmu na hannu ne, kuma wanda ya riƙe ta kafin kai yana iya ɗaura abin da ya samu a ranar da ya maƙale.

Za ka ga rubutu irin wannan: 195/65 R15 91H. Lamba 195 faɗin tayar ne da milimita. Lamba 65 tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin ɗari na wancan faɗin. Lamba 15 girman wili ne da inci. Waɗannan ukun kowane mai shago ya san su, ka ce masa Corolla ce ya ɗauko maka 195/65 R15, ka ce Camry ce ta 2008 ya ɗauko 215/60 R16. Amma biyun ƙarshe su ne ake tsallakewa, alhali a kansu rai yake. Lamba 91 na nufin tayar tana ɗaukar kilo 615, lamba 88 kilo 560, lamba 94 kuma kilo 670. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240. Ba wai za ka yi wannan gudun ba ne, sai dai harafin yana nuna yadda tayar ke jure zafi. Kana iya sayen wadda ta fi lambar motarka, amma kada ka sauka ƙasa da ita.

Masu bas da masu lodi, ku nemi harafin C a ƙarshen lambar, kamar 195 R15C ta Hiace, ko XL ga motocin da ke ɗaukar mutum bakwai. Ɗaura wa motar haya tayar ƙaramar mota, a cika ta da fasinja da buhuna a ɗauki hanyar Ningi zuwa Kano da tsakar rana, wannan sai dai a yi ta addu'a.

Wata magana ga matasa masu son babban wili. Idan ka ƙara girman wili dole gefen taya ya ragu, kuma gefen nan shi ne katifar da ke shanye rami da ƙara. Motar za ta yi kyau a ido, amma kowane rami zai shigo har cikin kujera, wilin ya lanƙwashe, ƙara ta ƙaru. A irin hanyoyinmu ni dai ina ganin a zauna a kan girman da kamfani ya sa.

2. Wace hanya motar ke bi?

Wanda zirga-zirgarsa daga Fadaman Mada zuwa ofis ne, sai Gombe ko Jos jefi-jefi, tayar kwalta yake buƙata. Za ka gane ta da layuka masu zagaye tayar a miƙe da ƙananan zane a jere kusa da juna. Irin wannan ita ce mafi shiru. Taya mai manyan haƙora da faffaɗan rami a tsakani kuwa, duk haƙorin da ya bugi kwalta sai ya yi sauti, iskar da ta maƙale a ramin ma ta fita da nata, shi ya sa Hilux mai tayar daji ake jin tahowarta tun daga nesa. A motoci masu tsayi za ka ga H/T ta kwalta, A/T ta kwalta da burji, M/T ta taɓo. Idan kana shiga gona ko ƙauyukan bayan Alkaleri da damina, A/T ta dace da kai, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: ƙararta tana tare da ita tun tana sabuwa, kuma za ta ƙaru da ta fara cinyewa.

A gefen yawancin tayoyin ƙananan motoci akwai kalmar Temperature da harafi A ko B ko C a gabanta. Wannan ƙarfin jure zafi ne. A garin da zafi ke kaiwa kusan digiri 40 a Maris da Afrilu, kwalta kuma ta fi haka zafi nesa ba kusa ba, nemi A. Idan babu, B. Kada ka karɓi C don tafiya mai nisa.

Wasu sababbin tayoyi suna zuwa da takardar Turai manne a kan zanen, mai nuna cin mai, riƙon hanya a ruwa, da ƙara a ma'aunin desibel. Wadda aka rubuta wa 69 ta fi mai 72 shiru, kuma kunne yana jin bambancin a doguwar tafiya. Amma idan zaɓi ya tsaya tsakanin shiru da riƙon hanya a ruwa, ɗauki mai riƙo. Ruwan Agusta a gangaren Tilden Fulani ba ya ɗaga ƙafa.

Gargaɗi: idan ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, yawanci tayar hunturun Turai ce. Robarta mai laushi ce don sanyi, a zafinmu tana cinyewa da wuri kuma tana kuka. Ta yi yawa a cikin tayoyin Baljiyam, kuma zanenta mai zurfi ne, shi ke ruɗar mai saye.

3. Sabuwa ko 'yar Baljiyam? Yi lissafi

Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Legas a 2008, kusan duk tayar motar da ke kasuwarmu daga waje take, don haka farashinta dala yake bi. Kuɗin da aka faɗa maka watan jiya ba lallai ya tsaya ba. Tambayi shago uku a rana ɗaya, kuma ka tambaya da cikakkiyar lamba da sunan kamfani, domin idan ka ce “ta Corolla” kawai, kowa zai faɗa maka kuɗin mafi arha a shagonsa.

Kasuwar ta kasu uku. Akwai manya masu tsada irin su Michelin, Bridgestone, Continental da Goodyear. Akwai na tsakiya irin su Hankook da Kumho na Koriya ta Kudu da Maxxis ta Taiwan. Sai na Sin irin su Westlake, Triangle da Linglong, waɗanda su ne aljihun yawancinmu ke kaiwa gare su.

Yanzu ga lissafin da nake so kowa ya yi. Sabuwar taya tana zuwa da zane mai zurfin kusan milimita 8, kuma ana cire ta idan ya sauka zuwa 1.6. Wato abin da ka saya shi ne milimita 6.4. 'Yar Baljiyam da ta yi kyau a ido sau da yawa milimita 4 ce ta rage mata, wato abin amfaninka 2.4 ne kawai. Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, sabuwa naira 60,000 ce, ta hannu kuma 25,000. A sabuwa kowace milimita ta tsaya maka a 9,375. A ta hannu ta tsaya a sama da 10,400. Ka saka farashin da ka samo yau a madadin waɗannan ka gani da kanka. Wannan fa ba a sa shekarunta ba, ba a sa ramukan da ta faɗa a ƙasar da ta fito ba, ba a sa kuɗin ɗauri da balansin, wato daidaita nauyin taya a kan wili, da za ka biya sau biyu ko uku ba. Tayoyin ƙananan motoci da aka yi amfani da su ma suna cikin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, saboda haka babu wanda ya tantance su kafin su iso gabanka. A ganina sabuwar tayar Sin da aka yi bana ta fi Michelin mai shekara shida.

Na san akwai wanda yau ba shi da kuɗin sabuwa, kuma motar ita ce abincin iyalinsa. Idan dole ce ta sa, to a duba ta kafin a ɗaura: haska cikinta da tocila ka nemi faci, musamman a gefe, da wurin da robar ciki ta yi baƙin gari ko ta yamutse, alamar an taɓa tafiya da ita babu iska. Danna gefenta ka buɗa, idan ƙananan tsage suka bayyana robar ta mutu. Shafa bakinta da ke kama wili ka tabbatar bai yage ba. Kuma ka tsayar da ita ga zirga-zirgar cikin gari.

4. A shago: shekarar haihuwa

Nemi haruffan DOT a gefen tayar ka bi layin har ƙarshe. Za ka ga lamba huɗu a cikin ɗan zagaye mai kama da ƙwai. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Lamba 1424 na nufin mako na 14 a 2024, wato farkon Afrilu. Sau da yawa a gefe ɗaya kawai ake buga ta, don haka idan ba ka gani ba juya tayar.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, tana ɗaukar shekara huɗu daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya, kuma jami'anta suna duba wannan lambar a hanya. Wasu kamfanonin taya suna ba da wa'adin da ya fi haka idan ana kula da ita, amma ranarmu ba irin tasu ba ce, kuma mai tsayar da kai a hanyar Darazo dokar hukumarsa zai bi. Idan ka sayi “sabuwa” da ta yi shekara biyu a sito, rabin wa'adinta ya tafi kafin ta taɓa kwalta. Nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ba.

Gargaɗi: sa a yaye ledar da aka naɗe ta da ita kafin ka biya. Shafa wurin lambar da yatsa, idan ya yi kaushi ko launinsa ya bambanta da sauran robar, an taɓa shi. Sannan ajiye tayar a ƙasa ka dubi bakinta ko zagaye yake sosai. Akwai masu cusa taya cikin taya a kwantena don rage kuɗin dako, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ta sha kama irinsu. Wayar bakin irin wannan tayar ta riga ta lanƙwashe, za ta riƙa tsiyayar iska, balansin kuma ba ya zama a kanta. Wadda aka jera a rana a ƙofar shago ma ka bar ta, ka ce a ɗauko ta ciki.

Tayoyi biyun da ke layi ɗaya, na gaba ko na baya, su zama kamfani ɗaya, zane ɗaya, girma ɗaya. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar da shekarar.

5. Ɗauri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan Sallah za ka je Azare ko Maiduguri, ɗaura tayar da kwana uku ko huɗu, domin idan akwai tsiyaya ko jijjiga ta bayyana kana cikin gari.

A kasafinka sa abu huɗu bayan kuɗin tayar: sabon bawul ga kowace, ladan mai faci, balansin, da alaimen, wato saita ƙafafun mota su kalli gaba daidai. Duka huɗun a haɗe ba sa kai kuɗin taya ɗaya, amma su ne mutane ke yankewa, kuma su ne ke kashe tayar.

Tsaya a kan aikin. A goge tsatsar bakin wili. A shafa ruwan sabulu wajen zura tayar, ba baƙin mai ba, domin mai yana cin roba. Idan akwai kibiya da kalmar Rotation a gefe, kibiyar ta nuna inda tayar ke juyawa idan mota na tafiya gaba. Idan an rubuta Outside, wannan gefen ne waje. Tayar da aka ɗaura a juye tana ƙara tun ranar farko kuma ba ta korar ruwa yadda ya kamata. Idan akwai ɗigon fenti ruwan ɗorawa a gefe, a daidaita shi da bawul, yana rage yawan dalmar da balansin zai ci.

Notuna a fara ɗaura su da hannu, sannan a matse su a tsallake, wannan da wanda ke fuskantarsa, ba a jere ba. Kada ka bar yaron shago ya hau kan sifana yana tsalle. Ana tsinka ƙusar wili a haka, kuma ranar da ka yi faci kai kaɗai a daji ba za ka iya kwancewa ba. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake taɓa notunan.

Idan biyu kawai za ka iya saye, a ɗaura su a baya. Na san mai faci zai ce, “Alhaji, ai gaba ake sa sabuwa, nan injin yake.” Da gaskiyarsa ta wani ɓangare, na gaba sun fi saurin cinyewa. Amma idan gaba ya zame a ruwa kana ji a sitiyari ka rage gudu, idan baya ya zame kuwa motar juyawa take yi gaba ɗaya, kuma ba kowane direba ke iya dawo da ita ba. Kamfanonin taya da kansu baya suke cewa. Sai dai sharaɗin shi ne waɗanda za su koma gaba su kasance masu lafiya, idan sun mutu to huɗu kake buƙata.

6. Iska

Yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 zuwa 35 suke so a awon psi, amma takardar ƙofarka ita ce alƙali. Lamba 44 ko 51 da ke jikin tayar kusa da kalmar Max iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a sa mata ba. A bakin titi an saba duddulawa har 45 ko 50, wani ma da ƙafa ko sanda yake awo. Iska ta yi yawa, tsakiyar taya ce kawai ke taka ƙasa, motar ta yi tauri, ƙara ta ƙaru. Ta yi kaɗan, gefen taya ya riƙa lanƙwasa yana ɗaukar zafi, kuma wannan yana cikin manyan dalilan fashewa a guje.

Auna da safe kafin motar ta yi tafiya, ko bayan ta huta awa uku, sau biyu a wata. Lokacin hunturu, Disamba da Janairu, za ka ga iskar ta ɗan sauka da kanta saboda sanyi.

Gargaɗi: idan ka tsaya a Nabordo ka auna ka ga ta haura da uku ko huɗu, zafin tafiya ne, kada ka sace mata iska. Kuma a daina watsa wa taya mai zafi ruwan sanyi, a bar ta ta huce a inuwa.

7. Sauya musu wuri

Duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 a juya tayoyin. A motar da gaba ke ja, irin Corolla da Camry da Golf, na gaba su koma baya kowace a ɓangarenta, na baya su zo gaba a gicciye. Masu kibiya ba a gicciya su, gaba da baya kawai. Wannan aikin shi ne babban rigakafin ƙara, domin tayar bayan da ta shekara biyu a wuri ɗaya ita ce ke fara yin tudu da kwari.

8. Ƙara ta fara: bi wannan tsarin kafin ka kashe ko kwabo

Kowace taya ƙararta tana ɗan ƙaruwa da tsufa. Robar da ke tsakaninka da kwalta ta ragu, wadda ta rage kuma rana ta busar da ita ta yi tauri. Wannan ƙarar a hankali take zuwa, iri ɗaya ce, kamar shuuu. Wadda ya kamata ta tayar maka da hankali ita ce wadda ta zo cikin 'yan makonni, ko mai hawa da sauka, wuu-wuu-wuu, ko mai tafe da jijjiga.

Wani maƙwabcina ya canza boris na baya har sau biyu a kan irin wannan gurnanin, kuɗi suka tafi, ƙara tana nan. Ranar da muka shafa tayar bayansa ta dama da hannu, sai ga ta da tudu da kwari kamar kunyoyin gona. Shokozoba ce, wato abin da ke shanye girgizar hanya, ta mutu take ta buga tayar da ƙasa. Minti biyu da tafin hannu da sun tsare masa kuɗinsa. Saboda haka ga yadda ake bi.

Fara da kunne. A hanya mai kyau, lura da lokacin da ka tashi daga tsohuwar kwalta mai tsakuwa ka hau sabuwa mai santsi. Idan ƙarar ta canza sosai ko ta ɗauke, taya ce. Boris ba ruwansa da irin kwaltar, kukansa ɗaya ne ko'ina. Sannan ɗaga ƙafarka daga totur. Idan ƙarar ta faɗi tare da ƙarar inji, matsalar tana inji ko salansa. Idan ta ci gaba tana bin gudun motar, tana wajen ƙafafu.

Sai awon iska, duka huɗun. Ka kuma duba ko tsakuwa ko ƙusa ta maƙale a zane, ita ce ke yin ƙas-ƙas-ƙas mai ƙaruwa da gudu.

Daga nan sai hannu, kuma nan ne asirin yake. Motar tana tsaye a sanyaye, murɗa sitiyari har ƙarshe don ka ga dukkan faɗin tayar, ka shafa zanen gaba da baya, sannan daga ciki zuwa waje. Yi a hankali, domin tayar da ta cinye tana iya fito da waya mai yanka. Idan tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. Idan gefe biyu ne, iska ta yi kaɗan ko lodi ya yi yawa. Idan gefe ɗaya ne kawai, galibi na ciki wanda ba a gani sai an sunkuya, alaimen ne ko wani abu ya lanƙwashe bayan faɗawa rami. Idan ka shafa ta ɗaya ɓangaren santsi, ta ɗayan kuma kaifi kamar haƙoran zarto, ƙafafun ba sa kallon gaba daidai, a duba alaimen da tairod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa. Idan kuwa tudu da kwari ne a zagaye, shokozoba ce, ko balansin, ko bushin da ya saki. Mai haƙoran zarto da mai tudu da kwari su ne ke yin gurnanin da ake ɗauka boris ne.

Idan hannu bai ji komai ba, gwada boris. A miƙaƙƙiyar hanya da babu kowa, a gudun da bai wuce kilomita 60 ba, karkata sitiyari kaɗan hagu, sannan kaɗan dama. Idan kukan ya ƙaru a ɗaya ɓangaren ya ragu a ɗayan, boris ne, kuma yawanci idan ya ƙaru da ka karkata hagu, na dama ne ya lalace, saboda nauyin motar can ya koma.

Gargaɗi: karkatawa kaɗan ake yi, ba fizga ba, kuma ba da iyali a ciki ba, ba kuma a jiƙaƙƙiyar hanya ba.

Gwajin da ke raba gardama shi ne musanya. Sa alama da alli, a kai na baya gaba, na gaba baya. Idan ƙarar ta bi tayar ta koma wani wuri, ka kama mai laifi. Idan ta tsaya inda take, sai bakanike ya ɗaga motar, ya riƙe tayar sama da ƙasa ya girgiza, ya juya ta da hannu yana saurare.

Sauran sautukan da sauri: jijjigar sitiyari tsakanin kilomita 80 zuwa 110 balansin ne ko lanƙwasasshen wili. Ƙat-ƙat-ƙat idan kana shan kwana shaf ne, wato ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga ƙafa. Ƙiii a shataletalen Wunti alhali a hankali kake tafiya, iska ce ta yi ƙasa ko alaimen. Motar da ke rangaji kamar mai ɗingishi a ƙaramin gudu kuwa, wayar cikin taya ce ta rabu. Wannan a cire ta a ranar.

9. Gyara

A fara gyara abin da ya cinye tayar, shokozoba ko bushin ko tairod, sannan a yi alaimen. Yin alaimen a kan ƙafafun da ke da lasa zubar da kuɗi ne, ramin farko zai warware shi. Haka ɗaura sabuwar taya a kan matacciyar shokozoba, wata biyar za ta yi ta koma kamar tsohuwar.

Tayar da kaifinta kaɗan ne, idan aka sauya mata wuri, tana iya lafawa bayan tafiyar wasu dubban kilomita, ko da yake a makon farko ƙarar kan ɗan ƙaru. Wadda tudu da kwarinta suka yi zurfi ba ta dawowa.

Idan tayoyin lafiya lau suke amma ƙarar hanya tana damunka, duba robar da ke lulluɓe saman taya a cikin madigadi, wadda makanikai kan cire su manta, da robar bakin ƙofofi, da shimfiɗar but. Mayar da su yana rage ƙara sosai. Abin da ba za ka yi ba shi ne rage iska don motar ta yi laushi.

10. Ranar cirewa

A cikin manyan ramukan zane akwai ƙananan gadoji na roba, za ka gano inda suke ta alamar TWI ko ɗan kusurwa uku a kafaɗar taya. Idan zane ya yi daidai da su, an kai milimita 1.6, aikinta ya ƙare. Don awo, zura tsinken ashana a ramin, riƙe da farce, ka ɗora a kan rula, kuma ka auna wuri uku: ciki, tsakiya, waje. Mafi ƙanƙanta shi ne hukunci. Idan damina na ƙaratowa kuma kana ƙasa da milimita 3, ni shawarata ka canza a watan Mayu, kada ka jira gadojin.

Ana cire ta ko da zane yana nan idan ta yi ƙulu a gefe, ko tsage ya zagaye ta, ko waya ta leƙo, ko wa'adinta ya cika. Ƙulu zaren ciki ne ya tsinke, babu facin da ke ɗinke shi, kuma sa mata tiyub ɓoye ciwon ne kawai. Faci yana yiwuwa ne a kan zane, idan hudar ba ta wuce milimita 6 ba, kuma a kwance tayar a liƙe ta ciki. Hudar gefe ba ta da magani.

Idan Allah ya ƙaddara ta fashe kana gudu, riƙe sitiyari da hannu biyu, kada ka danna birki da ƙarfi, sassauta totur a hankali motar ta rage da kanta, sannan ka gangara gefe. A nan ne safaya za ta yi maka rana, don haka ita ma a riƙa auna ta tare da sauran. Idan siririyar nan ce ta wucin gadi, iska 60 take so, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita, iyakarta ta kai ka wurin mai faci mafi kusa.